Ƙaramin Zalɓe, Masuncin Da Ba Shi Da Homa

Daga Wakilinmu na Arewa

In ana maganar zalɓe, abin da ke zuwa wa yawancin mutanenmu a rai shi ne dogon nan mai ruwan toka, wanda kan tsaya ƙiƙam a tsakiyar fadama kamar an kafa sanda. Wasu kuma sai su tuna da balbela mai bin shanu tana tsintar fara, wadda ko a mayankar Agege ko a kasuwar shanu ta Kara ba a rasa ta. To, amma fa akwai wani ƙaninsu da ya fi su duka dabara, ga shi kuwa ba safai ake lura da shi ba. Shi ne ƙaramin zalɓe mai baƙar hula, kuma labarinsa ne muka kawo wa masu karatu a wannan makon.

Wannan tsuntsu ba baƙo ba ne a ko'ina cikin ƙasar nan, muddin dai akwai ruwa da 'yar duhuwa a bakinsa. Ana samunsa a gaɓar kogin Kaduna, da fadamun Haɗejiya da Nguru, da gulbin Sakkwato, har ya zuwa tafkin Chadi. A can wajenku Kurmi kuwa yana nan a bakin ruwan Ikko, da kogin Ogun, da madatsar Eleyele a Badun, da gaɓar Kwara a Anacha, da rafukan Fatakwal. Watau dai mai yiwuwa ne ɗan kasuwar da ya baro Gashuwa ya zauna Idi-Araba shekara ashirin yana wuce tsuntsun garinsu kullum safiya bai sani ba. Masana sun sa wa danginsa suna Butorides, sun kuwa bazu a Afirka kudu da Sahara, da Indiya, da Japan, da Ostareliya, har da Amurka ta Arewa da ta Kudu.

KAMANNINSA

Tsawonsa daga tsinin baki zuwa wutsiya kamar santimita 40 ne zuwa 45, watau bai kai rabin babban zalɓe ba, nauyinsa kuwa da ƙyar ya kai rubu'in kilo. Ko hankaka ma ya fi shi jiki. Kansa baƙi ne kamar ya sa hula, da 'yar tukku kwance a ƙeya wadda yakan tayar in ya firgita ko ya fusata. Bayansa toka-toka ne mai duhu da ɗan sheƙin kore, cikinsa ruwan toka, ga wani zane fari da ja-ja ya sauko daga maƙogwaro zuwa ƙirji. Ƙafafunsa gajeru ne masu ruwan ɗorawa, amma in lokacin aure ya zo sai su rine su koma kamar ruwan goro. 'Ya'yan da ba su gama girma ba kalar ƙasa gare su da zane-zane da ɗige-ɗige, har mutum ya zaci wani tsuntsu ne dabam.

Abin da ya sa ba a ganinsa shi ne ba ya son fili, kuma ba ya son taro. Balbela kan kwana ɗari-ɗari a bishiya ɗaya, su ɓata ƙasa da kashi, su cika unguwa da hayaniya. Shi kuwa wannan shi kaɗai yake harkarsa. Yana da ɗan yankinsa na bakin ruwa, in wani ɗan'uwansa ya shigo sai ya tayar da tukku ya kore shi. Yakan zauna a inuwa, ya noƙe wuya cikin kafaɗu, ya zama kamar dunƙulen taɓo ko kututture. Galibi ba za ka san yana wurin ba sai ka kusa taka shi, sa'an nan ya tashi da wata 'yar ƙara mai kaushi, ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa, sau da yawa ma ya saki farin kashi a bayansa. Wannan hali na sakin kashi ya sa mutanen karkara a Amurka suka laƙaba wa nasu sunayen tsiya iri-iri.

YADDA YAKE FARAUTA

Babban zalɓe yana da dogayen ƙafafu, saboda haka yana iya shiga ruwa har gwiwa. Ƙaramin ba shi da wannan gata. Don haka sai ya nemi wani reshe da ya sunkuyo bisa ruwa, ko saiwa, ko dutse, ko bakin wani tsohon kwalekwale, ya riƙe da yatsunsa, ya kwantar da jiki har baki da baya su zama a miƙe sak da fuskar ruwa. A haka zai zauna. Sai a yi minti biyar, a yi goma, ba abin da ke motsi a jikinsa sai 'yar wutsiya da yakan kaɗa jifa-jifa. In ya ga wurin ba ciniki sai ya matsa gaba, amma irin tafiyar da in ba ka ƙura ido ba ba za ka ce yana tafiya ba: ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya riƙe ta a sama, ya ajiye, kamar ɓarawon da ya shiga ɗakin mai sauƙin barci.

Sa'ad da kifi ya matso ne za ka ga abin mamaki. Tsuntsun da ka zaci ba shi da wuya sai ka ga wuya ya fito kusan tsawon jikinsa, kafin ƙiftawar ido kifi na baki. Asirin abin a ƙashi yake. Ƙasusuwan wuyan zalɓe ba tsawonsu ɗaya ba. Na shida daga kai ya fi sauran tsawo, kuma yadda ya haɗu da maƙwabtansa shi ke sa wuyan ya naɗe kamar macijin da ya yi gammo, ya kuma saki kamar kibiya. Wani lokaci garin kai sara har yakan rataya da ƙafafu kai a ƙasa, ya cafko kifi, ya ja jiki ya koma kan reshensa bai jiƙe ba. In kuwa abin ya yi nisa yana iya faɗawa ruwan gaba ɗaya, ya fito da abinsa.

Akwai wata matsala da duk masuncin da ya taɓa sukar kifi da mashi ya san ta. In ka tsoma sanda cikin ruwa sai ka ga kamar ta karye daga inda ta shiga, domin haske kan karkace in ya ratsa daga ruwa zuwa iska. Saboda haka kifi ba ya nan daidai inda ido ya gan shi, yana ƙasa da nan. Wanda ya soka inda ya gani zai koma gida hannu rabbana. Cikin 1987 wasu masana a ƙasar Isra'ila suka ɗauki hoton wani zalɓen bakin teku, wanda akwai irinsa a gaɓar tekunmu, yana saran abinci a ƙarƙashin ruwa, suka tabbatar cewa tsuntsun yana gyara wannan kuskure na ido tun kafin ya saki wuya. Lissafin da ɗan makaranta ke sha wa bulala, zalɓe na yin sa kafin karin kumallo.

Bakin nan nasa mai tsini ba kasafai yake soke kifi da shi ba, cafkewa yake yi kamar da hantsaki. In ya kama sai ya jujjuya kifin har kai ya fuskanci maƙogwaro, sa'an nan ya haɗiye. Dalili kuwa a fili yake: ƙayoyin bayan karfasa da ɓawonta duk baya suke kwanciya, in ya haɗiye ta wutsiya sai su buɗe su maƙale masa. Bayan ƙananan kifaye yana cin kwaɗi, da ƙaguwa, da jatan lande, da fara, da sauran ƙwarin ruwa.

Mai cin kifi ba ya rabuwa da yauƙi, to, shi ma an yi masa tanadin sabulunsa. A ƙirjinsa da gefen ƙugunsa akwai wani irin gashi mai laushi wanda bakinsa ke marmashewa ya zama gari kamar hoda. Sai ya shafa wannan gari inda yauƙi ya ɓata, ya bari ya tsotse, sa'an nan ya tsefe da farcen yatsansa na tsakiya, wanda ke da 'yan haƙora a gefe kamar mataji.

A Arewa ya fi fita da sassafe da kuma bayan la'asar zuwa almuru. Amma a bakin teku ba rana ce ke ba shi lokaci ba, ruwa ne. Can ruwa kan cika ya janye sau biyu tsakanin yini da dare, shi kuwa jira yake ya janye. In taɓo ya fito fili a gindin itatuwan nan masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, sai ya sauko ya bi ƙananan ƙaguwoyi da ɗan kifin nan mai idanu a ka wanda ke tsalle-tsalle a kan laka, da waɗanda ruwa ya tafi ya bari a 'yan kududdufai.

TSUNTSU MAI ƊANA TARKO

Duk abin da muka faɗa a baya, sauran zalɓe ma suna yin kusan irinsa. Ga wanda ya fitar da wannan dangi daga cikin tsara.

Cikin 1958 wani Ba'amurke mai suna Harvey Lovell ya buga labarin abin da ya gani a tafkin Eola, a birnin Orlando na jihar Fulorida. Mutane kan jefa wa tsuntsaye burodi a wurin. Sai ya ga wani ƙaramin zalɓe ya ɗauki gutsuren burodi, maimakon ya ci sai ya ajiye shi bisa ruwa, ya koma ya laɓe yana kallo. Da burodin ya fara nisa sai ya ɗauko shi ya maido kusa. Da wasu tsuntsayen ruwa suka nufo za su cinye sai ya kore su. Da ƙananan kifaye suka taru suna tsakurar burodin kuwa, sai ya kai sara. Ashe ba yunwar burodi yake ji ba, jari ya zuba.

Tun daga nan an yi ta ganin wannan hali a wurare da dama, a Amurka da Asiya da nan Afirka. Wanda ya fi kowa bin diddigin abin shi ne wani masani ɗan Japan, Hiroyoshi Higuchi, wanda ya zauna yana kallon waɗannan tsuntsaye a lambun Suizenji da ke birnin Kumamoto, ya buga abin da ya gano cikin 1986. Ya ga suna amfani da ƙudaje da sauran ƙwari, da 'ya'yan itace, da ganye, da gashin tsuntsu, da tsinke, da gutsuren biskit, har da ɓarɓashin farin soson roba da ake kunshe kaya da shi. Ya ga in tsinke ya yi tsawo, tsuntsun kan karya shi ya rage daidai yadda kifi zai ɗauka abinci ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin halittun da ke ɗaukar wani abu su mai da shi kayan aiki ba su da yawa, waɗanda ke gyara kayan aikin kafin su yi amfani da shi kuwa sun fi ƙaranci.

Wani abin da ya lura da shi kuma shi ne manya sun fi yara iyawa nesa ba kusa ba. Yaro kan jefa abu ko wane iri ne, ya tsaya a fili inda kifi ke ganinsa, har kifin ya zo ya duba ya wuce bai samu kai sara ba. Babba kuwa yana zaɓen wurin laɓewa, yana jefawa daidai inda wuyansa zai kai, kuma yana shirye tun abin bai taɓa ruwa ba, domin kifin da ya taso ya tarar tsinke ne ba ya daɗewa. Ke nan sana'ar tana bukatar gogewa, kamar dai yadda ɗan masunci ba ya zama gwanin jefa birgi rana ɗaya.

Kada mai karatu ya zaci kowane ƙaramin zalɓe ne ke yin haka. Akasarinsu sun tsaya ga laɓewa da haƙuri, an kuwa fi ganin masu ɗana tarko a lambuna da wuraren shaƙatawa inda mutane suka saba jefa wa kifi abinci. Wannan ya sa masana suka kasu. Wasu na cewa tsuntsun ya ga mutane na jefa burodi kifi na taruwa ne ya ɗauki darasi. Wasu kuma na cewa dama ƙananansu na da ɗabi'ar ɗaukar abu su yar a ruwa don wasa, wanda ya dace kifi ya taso masa sai ya riƙe dabarar. Ni dai a ganina ko wanne ne gaskiya, tsuntsun da ke riƙe da abinci a baki, yana jin yunwa, ya haƙura ya jefa shi ruwa don ya sami wanda ya fi shi, ya wuce a ce masa mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Mun san 'yan kasuwa da yawa da suka kasa wannan, suka cinye uwar kuɗi tun ba a je ko'ina ba.

Tun da ana zancen dabara, bai kamata a wuce baƙin zalɓe ba, wanda shi ma ana samunsa a fadamun Nguru da bakin ruwan Ikko. Shi baƙi ne wuluk, sai yatsun ƙafa masu ruwan ɗorawa. Yakan shiga ruwa marar zurfi, ya yi taku kaɗan, sai farat ɗaya ya wurgo fikafikansa gaba su haɗu bisa kansa, ya zama laima sosai, bakin gashin na taɓa ruwa. Ya yi daƙiƙa biyu ko uku a ciki yana sara, ya naɗe, ya ƙara gaba ya sake buɗewa. Inuwar na kashe masa ƙyallin rana a kan ruwa, ƙananan kifaye kuma dama inuwa suke gudu su ɓuya. In ka hango garkensu suna wannan aiki sai ka ce 'yan kasuwa ne ruwa ya tsuge musu.

SHEƘA DA 'YA'YA

Sheƙar ƙaramin zalɓe ba abin a zo a gani ba ce. 'Yan ƙirare ne ake jerawa a kan reshe ƙasa-ƙasa, galibi wanda ya leƙa bisa ruwa, a cikin duhuwa. Wani lokaci don rashin kauri har ana hango ƙwai ta ƙasa. Macen kan saka ƙwai biyu zuwa huɗu masu ruwan shuɗi-shuɗi da kore, ita da namijin kuma su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kamar mako uku. 'Ya'yan tun ba su iya tashi ba suke fita su riƙa hawan rassa da ƙafa da baki, su dawo in iyaye sun kawo abinci, wanda akan amayo musu. Kafin su kai ga tashi da yawa kan tafi a bakin guza, da maciji, da hankaka, da shaho, ban da yaran gari masu danƙon harbi.

INA RUWAN YAKE?

Wannan tsuntsu dai ba ya cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a duniya. Amma abin da yake bukata, watau ruwa marar zurfi mai ƙananan kifaye da 'yar duhuwa a gefe, shi ne ainihin abin da masunci da mai noman fadama da makiyayi ke bukata, kuma shi ne ke raguwa a duka ɓangarorin ƙasar nan biyu.

A Arewa, tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, aka ƙara da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da kan malale fadamun Haɗejiya da Nguru kowace damina ta ragu, ruwan kuma ya daina zuwa da tafiya bisa ƙa'idarsa ta da. Inda ruwa ya koma kwanciya rani da damina sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Duk wanda ya fito daga wannan yanki yana da ɗan'uwan da kachala ta kora daga gona, wataƙila ma ita ce ta kawo wasu masu karanta wannan shafi Kurmi. Cikin shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye, su ne kuma na farko da aka sa daga Nijeriya. Shiga jeri dai ba ya buɗe hanyar ruwa, sai an shiga da lauje da injin haƙa.

A Ikko kuwa yashi ne ke cin fadama. Bayan rushe Maroko cikin 1990 an yi ta cike bakin ruwa ana gina gidaje har can cikin Lekki, itatuwan bakin teku da ƙananan kifaye ke girma a gindinsu suna ta tafiya. Tun 1984 kuma wata irin kainuwa baƙuwa mai shuɗin fure ta shigo ta rafin Badagry, takan rufe fuskar ruwa har jirgi ya kasa wucewa.

Sai kuma wanda mu da kanmu muke yi. An daɗe ana kuka da masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20 a rafi don kifi ya taso a kwashe. Wannan ba su ba ne, kisan kai ne. Yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, tsuntsun da ya ci mataccen kifin ya sha guba, mutumin da ya saya a kasuwa shi ma ya sha. Cikin 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikin wannan magani a jerin waɗanda aka hana amfani da su a gona. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan kifi a kasuwanninmu na Kudu sun fi kowa sanin kifin da aka kama da guba, su ne kuma ke da ikon cewa ba za a sauke shi a rumfarsu ba.

Wanda ke son ya ga ƙaramin zalɓe da idonsa ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Mazauna Ikko na iya zuwa gandun da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya ta keɓe a Lekki cikin 1990, mai faɗin hekta 78, inda aka bar fadama yadda take, aka yi mata gadar katako ta masu kallo. In hakan ya yi nisa, ko wane bakin rafi mai 'yan bishiyoyi ya isa. A je bayan asuba ko gab da magariba, a bakin teku kuma a jira ruwa ya janye. A sami wuri a zauna shiru, kada a duba tsakiyar ruwa, a duba rassa da saiwoyin da ke taɓa shi. In an ga wani dunƙule mai baƙar hula ya kafa wa ruwa ido, a duba gabansa da kyau ko akwai ɗan ganye ko gashi yana yawo, a kuma lura ko zai miƙa baki ya maido shi in ya yi nisa.